Akwatin Rumbu Mai Kwaikwayon Faifai da Matsayinsa Wajen Gyaran Kwamfuta



1. Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi bayani a kansa yau wata 'yar na'ura ce wadda girmanta bai wuce na ƙaramin littafin aljihu ba. Wani zai ce magana ce ta masu gyara, ina ruwan ɗalibi ko akawu da ita? To, amsar tana cikin abin da kusan kowa a wannan zaure ya taɓa gani, ko ya ji labarinsa. Ɗalibi ya shekara yana rubuta kundin digirinsa, ana saura mako biyu ya miƙa, ya kunna kwamfuta ta ƙi tashi. Ma'aikaci yana da takardun albashi da wasiƙun shekara biyar a cikin kwamfutar ofis, ranar Litinin da safe ta nuna masa baƙin allo. A kai ta wurin mai gyara, shi kuwa abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya share kome da ke ciki, ya zuba sabuwar manhaja. Kwamfuta ta tashi, amma aikin shekara ya tafi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa akasarin irin wannan hasara ba dole ba ce. Kwamfutar da ta ƙi tashi ana iya tayar da ita daga waje, a bincike ta, a kwashe abin da ke cikinta, kafin a taɓa kome. Na'urar da za mu duba tana cikin kayan aikin da suka fi dacewa da wannan hanya. Za mu fara da yadda kwamfuta ke tashi, sa'an nan mu zo kan faifai da hotonsa, da yadda akwatin ke aiki, da tsarin da ya kamata mai gyara ya bi, mu ƙare da batun amana.

2. Yadda Kwamfuta Ke Tashi

A cikin kowace kwamfuta akwai wurin ajiya na dindindin, wanda za mu riƙa kira rumbu. A nan takardun mai ita suke, a nan kuma babbar manhaja take, watau irin su Windows ko Linux, wadda ita ke tafiyar da dukan sauran ayyuka. Akwai kuma ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ake kira RAM, inda na'urar ke shimfiɗa aikin da take yi a lokacin. Da an kashe wuta abin da ke cikinta ya ɓace.

Lokacin da aka danna maɓallin kunnawa babbar manhaja tana kwance a rumbu, ba ta san abin da ake ciki ba. Wanda ke fara farkawa shi ne wani ɗan ƙaramin shiri da aka dasa a jikin allon na'urar tun daga masana'anta. A kwamfutocin da suka bi tsarin da kamfanin IBM ya fitar a 1981 sunansa BIOS. A na zamani, musamman tun fitowar Windows 8 a 2012, wanda ya gaje shi ake samu, mai suna UEFI. Aikinsa kamar na mai gadi ne da ke riga kowa zuwa ofis: ya duba kayan aiki, sa'an nan ya bi jerin wuraren da aka ba shi yana neman inda zai sami manhajar da zai miƙa wa ragama. Yana iya samunta a rumbu, ko a faifai, ko a wani abu da aka jona ta kafar USB.

A nan ne asirin gyara yake. In babbar manhajar da ke rumbu ta lalace, ko ƙwayar cuta ta kama ta, ba za a dogara da ita wajen binciken kanta ba. Wanzami, kome ƙwarewarsa, in ya tashi aske ƙeyarsa sai ya nemi wani. Ƙwayar cutar da ta riga ta zauna cikin manhaja tana iya ɓoye kanta daga duk wani mai bincike da ke aiki a ƙarƙashin wannan manhajar. Saboda haka sai a ce wa mai gadin nan ya bar rumbu a kwance, ya tayar da na'urar da wata lafiyayyar manhaja daga waje. Ita wannan baƙuwar manhaja a cikin RAM take zama ta yi aikinta, rumbu kuwa ya zama kamar majinyaci a kan gado, ana duba shi ba tare da ya motsa ba.

3. Faifai da Hotonsa

Shekaru da dama hanyar da aka fi sani ta kawo manhaja daga waje ita ce faifan CD. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da shi a 1982 domin sauti, daga baya aka mai da shi ma'ajin bayanai. A 1988 Ƙungiyar Daidaita Ma'aunai ta Duniya ta tsayar da ƙa'idar yadda za a jera fayiloli a kansa, ƙa'idar da ake kira ISO 9660. A 1995 kuma Curtis Stevens na kamfanin Phoenix da Stan Merkin na IBM suka fitar da ƙa'idar El Torito, wadda ta bayyana yadda kwamfuta za ta tashi kai tsaye daga faifai. Tun daga nan kusan duk kwamfutar da aka ƙera ta san wannan hanya. A shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fitar da Knoppix, watau cikakkiyar manhajar Linux mai aiki daga faifai ba tare da an zuba ta a rumbu ba, masu gyara kuwa suka karɓe ta hannu biyu.

Faifai yana da wata daraja da ya kamata a lura da ita tun yanzu, domin za mu koma kanta: in an riga an buga shi an rufe, kwamfuta karanta shi kawai take iya yi, ba ta iya rubuta kome a kansa. Ko an sa shi cikin na'urar da cuta ta yi wa katutu, lafiya lau zai fito.

Amma kuma yana da nasa aibu. CD megabait 700 yake ɗauka, DVD na yau da kullum gigabait 4.7, ga shi manhajoji kullum ƙara girma suke yi. Yana karcewa, zafi yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu kuwa tana dushe idon na'urar da ke karanta shi. Mai gyara sai ya riƙa yawo da jaka cike da fayafai, in sabon bugu ya fito ya sake sayen wani ya buga. Bugu da ƙari, tun da kamfanin Apple ya fitar da MacBook Air a 2008 ba tare da na'urar faifai ba, sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zama yau da wuya a ga sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai wurin sa faifai.

Abin da ya rage mai amfani shi ne hoton faifai. Kalmar hoto a nan ba ta nufin abin da mai ɗaukar hoto ke yi. Shi faifai an yanka shi gida-gida ne, kowane gida yana ɗaukar bait 2,048, bait ɗaya kuwa kimanin harafi ɗaya ne. In aka kwafe waɗannan gidaje tun daga na farko har na ƙarshe, bi da bi, ba tare da an tsallake ko an sauya kome ba, aka zuba su cikin fayil guda, to wannan fayil shi ne hoton faifai. Sunansa yakan ƙare da haruffan ISO, sunan da ya samo daga ƙa'idar nan ta 1988. A wannan siffa ce Microsoft da masu Linux suke rarraba manhajojinsu ta intanet har yanzu. Matsalar ita ce BIOS da UEFI ba su san yadda za su tashi daga fayil irin wannan da ke ajiye kawai a rumbu ba. Na'urar faifai suka sani.

4. Akwatin da Yadda Yake Kwaikwayo

Akwatin rumbu na yau da kullum sananne ne. Kube ne na ƙarfe ko roba, a zura masa rumbu mai faɗin inci biyu da rabi irin na kwamfutar tafi-da-gidanka, ko SSD mai wannan girma, a jona shi da waya ta kafar USB. A cikinsa akwai ɗan guntun lantarki mai yin tafinta tsakanin harshen rumbu, watau SATA, da harshen USB. Iyakar aikinsa ke nan.

Akwatin da muke magana a kai ya ɗara wannan da abu uku: ɗan allo mai nuna rubutu, da maɓalli ko 'yar sanda ta zaɓe, da guntun lantarki mai wayo wanda ke iya karanta fayilolin da ke cikin rumbun da kansa. Waɗanda suka fi shahara daga Koriya ta Kudu suka fito, tun wajen farkon shekarun 2010. Akwai na kamfanin iodd, irin su 2531 da 2541, akwai kuma waɗanda kamfanin Zalman ya sayar da sunansa, irin su ZM-VE200 mai USB 2.0 da ZM-VE300 mai USB 3.0.

Ga yadda abin ke gudana. Duk ma'ajin da aka jona ta USB, kwamfuta takan tambaye shi ko shi wane iri ne, shi kuwa ya amsa da lamba. Sifiri na nufin rumbu, 5 na nufin na'urar CD ko DVD. Filasha da akwati na yau da kullum sifiri suke amsawa. Wannan akwati kuwa yana iya amsawa da 5. Da jin haka kwamfuta sai ta ɗauka na'urar faifai ce aka jona mata, ta shiga yi mata magana da harshen da ake yi wa irin waɗannan na'urori.

Mai gyara ya riga ya zaɓi hoton da yake so a ɗan allon nan, wannan kuwa daidai yake da sa faifai a na'ura. Kwamfuta ta ce, a ba ni gida na 16, inda ƙa'idar ISO 9660 ta ajiye bayanin faifai. Akwati ya lissafa inda gida na 16 ya faɗa a cikin fayil ɗin, ya karanto ya miƙa. Ta ce, a ba ni gida na 17, inda El Torito ta ajiye alamar tashi, ya miƙa. Haka za a yi ta yi har manhaja ta tashi. Babu wani faifai da ke juyawa, amma kwamfuta ba ta da hanyar ganewa, domin duk tambayar da ta yi amsar da ta dace take samu. In aka canza hoto, sai ta ga kamar an fid da faifai an sa wani.

Muhimmin abin lura shi ne wannan kwaikwayo a cikin akwatin yake faruwa. Ba ya bukatar a zuba wa kwamfuta wata manhaja, ba ya kuma jiran babbar manhaja ta tashi. Shi ya sa yake aiki a kan na'urar da rumbunta ya mutu sam, da tsohuwa mai BIOS, da sabuwa mai UEFI. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani: ƙa'idar 1995 ce aka riƙe, aka yar da faifan.

Akwatin yana da yanayi uku. Yana iya bayyana a matsayin na'urar faifai kaɗai, ko rumbu kaɗai, ko duka biyun a lokaci guda. Yana kuma da makulli mai hana rubutu, wanda in an sa shi, ɓangaren rumbun ma sai dai a karanta. Wasu samfuran iodd suna iya kwaikwayon rumbu daga fayil mai suna VHD, wasu kuma, kamar 2541, suna da maɓallan lambar sirri da ke kulle duk abin da ke ciki. Game da sauri kuwa, na'urar CD ta yau da kullum ba ta kai megabait 8 a daƙiƙa ba, USB 2.0 yakan ba da talatin da 'yan kai, USB 3.0 da SSD kuwa ɗaruruwa.

5. Shirya Akwatin

Shirin ba shi da wuya, amma akwai wurare huɗu da ake yawan tuntuɓe.

Na farko, wurin ajiye hotuna. A samfuran da na ambata ana buɗe jaka mai suna _ISO a farkon rumbun, a zuba hotunan a ciki. In ba su nan, akwatin ba zai gan su ba.

Na biyu, tsarin jera fayiloli. Tsohon tsari mai suna FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, alhali hoton Windows na yanzu ya wuce haka. Saboda haka NTFS ko exFAT ake bukata. A wasu tsofaffin samfura sai an duba wane tsari ne shirin cikin akwatin ya iya karantawa, domin kowane da nasa.

Na uku, warwatsewar fayil. In an daɗe ana zubawa ana sharewa, kwamfuta takan yanyanka sabon fayil ta cusa shi a guraben da suka samu nan da can. Ɗan guntun lantarkin akwatin ba shi da ƙarfin bin gutsattsari masu yawa, sai ya nuna gargaɗi a allonsa ya ƙi ɗaukar hoton. Maganin shi ne a tattara fayil ɗin wuri guda da manhajar da ke yin haka, ko a kwashe kome a sake zubawa a jere.

Na huɗu, wuta. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 aka ƙayyade mata, ta USB 3.0 kuwa 900. Rumbu mai juyawa yakan ja wuta da yawa lokacin da zai fara gudu, in kafar ta gaza sai a ji yana ƙas-ƙas ya ƙi tashi. SSD ya fi dacewa, domin ba shi da abin da ke juyawa, yana kuma jure jijjigar babur da faɗuwa.

Sai kuma tambayar me za a zuba. Mai gyara na bukatar Memtest86 ko Memtest86+ domin gwada RAM. Da wata Linux mai tashi daga faifai, kamar Ubuntu ko SystemRescue, domin shiga rumbu. Da Clonezilla, wadda wata cibiyar bincike ta Taiwan ta samar, domin kwafe rumbu ɗungurungum. Da GParted domin gyara rabe-raben rumbu. Da TestDisk da PhotoRec na Christophe Grenier domin nemo fayilolin da suka ɓace. Da faifan ceto na ɗaya daga kamfanonin rigakafin ƙwayar cuta. Da hoton Windows na asali. Kowanne daga wurin masu shi za a sauko da shi. Akasarinsu suna buga wata doguwar lamba ta tantancewa, irin ta SHA-256. A lissafa ta fayil ɗin da aka sauko da shi a gwada, in harafi ɗaya ya saɓa a yar da shi. Hoton da aka karɓa a hannun wani ba a san asalinsa ba, allura ce da ba a dafa ba.

6. Tsarin Aikin Gyara

Mu ɗauka an kawo kwamfutar wani ofis wadda ke fara tashi sai ta tsaya. Ga tsarin da ya kamata a bi, kuma jerin yana da muhimmanci ƙwarai.

Mataki na farko tambaya ce. Me ke ciki da ba a da kwafinsa a wani wuri? An kulle rumbun da BitLocker? Wannan tambaya ta biyu ta ƙara nauyi, domin Windows 11, musamman tun bugun 2024, takan kulle rumbu da kanta a sababbin na'urori. Mabuɗin ceto lamba ce mai alƙaluma 48. In babu shi, babu manhajar da za ta karanta abin da ke ciki, kuma taɓa saitin UEFI kaɗai yana iya sa na'urar ta nemi a shigar da shi. A nemo shi kafin a fara.

Mataki na biyu, a sa makullin hana rubutu, a zaɓi yanayin faifai, a jona, a kunna kwamfuta, a danna maɓallin da ke fito da jerin wuraren tashi. A na'urorin Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a na HP kuwa F9. A gwada RAM tukuna. Lalatacciyar RAM tana kawo alamu masu kama da na lalacewar manhaja, kuma duk kwafin da aka yi ta cikinta abin shakka ne.

Mataki na uku, a canza hoto zuwa Linux, a tambayi rumbu lafiyarsa. Rumbuna suna ajiye rahoton kansu da ake kira SMART, mai nuna yawan gidajen da suka lalace da awoyin da aka yi ana aiki. In rahoton ya nuna rumbu na gab da mutuwa, kada a wahalar da shi da bincike. A kwafe shi nan take zuwa wani lafiyayye da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu sauƙi, sa'an nan ta komo kan masu wuya.

Mataki na huɗu, in rumbu lafiya yake, a kwashe takardun mai shi zuwa wani rumbu dabam, a buɗe kaɗan daga ciki a gabansa ya tabbatar su ne. Gwamma a ware wa wannan aiki rumbu na musamman, akwatin kayan aiki kuwa ya zauna a kulle.

Sai a mataki na biyar ne za a fara gyara: a bincika ƙwayar cuta daga waje, a gyara fayilolin tashi da hoton Windows. Sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa. Share rumbu da zuba sabuwar manhaja shi ne mataki na shida, kuma na ƙarshe. Mai akwatin nan yana iya bin dukan matakan da na'ura guda, yana canza hoto da ɗan yatsa. Wannan sauƙi shi ne babban amfaninsa, domin abin da ke sa mai gyara tsallake bincike yawanci wahalar haɗa kayan binciken ce.

7. Akwati ko Filasha?

Dole a yi adalci a nan, domin akwai hanyoyi masu araha. Manhajar Rufus, wadda Pete Batard ya fara fitarwa a 2011, tana zuba hoto guda a filasha ta mai da ita abin tashi. Ventoy kuwa, wadda ta fito a 2020, kyauta ce, tana kuma barin mutum ya tara hotuna da yawa a filasha ɗaya ya zaɓa daga jeri. Ga ɗalibin da ke kula da kwamfutarsa da ta abokai, wannan ya wadatar, ba sai ya kashe kuɗi a kan akwati ba.

Bambancin shi ne Ventoy manhaja ce da ke shiga tsakani: ita ke fara tashi, sa'an nan ta tayar da hoton. A na'urori masu tsaron tashi na Secure Boot, wanda ke bincikar sa hannun duk manhajar da za ta tashi, sai an yi mata rajistar mabuɗi ko an kashe tsaron. Akwati kuwa hoton yake miƙawa yadda masu shi suka yi shi, in yana da sa hannun da na'urar ta yarda da shi sai ya wuce. Har ila yau, akasarin filasha ba su da makullin hana rubutu. Duk wanda ya taɓa kai filasha shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓuya ya san abin da ake nufi. Tsutsar Conficker ta 2008 ta yaɗu ta wannan hanya, haka kuma Stuxnet da aka gano a 2010. Filashar mai gyara da ke shiga kwamfuta goma marasa lafiya a rana tana iya zama ita ce mai raba cutar. Ga sashen da ke kula da na'urori masu yawa, iri dabam-dabam, tsofaffi da sababbi, akwatin ya cancanci kuɗinsa.

Yana da iyakarsa kuma. Ba ya gyara allon da ya ƙone ko rumbun da ya daina juyawa. Hoton da ba shi da sa hannu, Secure Boot zai ƙi shi ko daga ina ya fito. Kwamfutocin Apple masu guntun kamfanin na kansa, waɗanda suka fara fitowa a 2020, ba sa tashi ta wannan hanya. Hoton Windows 7 na asali bai san USB 3.0 ba, sai an nemi tsohuwar kafa. Kuma mallakar hoto ba mallakar lasisi ba ce. A tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai da tsohuwar manhaja kan na'urar da ke hawa intanet gyara ne rabi da rabi.

8. Batun Amana

Akwai wani gefe na wannan magana da ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Hanyar da ke ba mai gyara damar ceto takardu ita ce kuma ke ba ɓarawo damar kwashe su. In rumbu ba a kulle yake ba, kalmar sirrin da ake bugawa wajen shiga Windows ba ta hana kome, domin wanda ya tashi na'urar daga waje bai bi ta ƙofar da aka sa wa kwaɗon ba. Minti kaɗan sun ishe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ina ba shugabannin ofisoshi shawara huɗu. A sa kalmar sirri a kan UEFI, a hana tashi daga USB sai da izini. A kulle rumbunan da ke ɗauke da bayanan jama'a, a ajiye mabuɗan ceto a rubuce a wuri amintacce, ba a cikin ita kwamfutar ba. Kada a fitar da na'urar ofis zuwa kasuwa gyara ba tare da wani jami'i na tsaye ba. In an gama aiki, a tabbatar an share kwafin da mai gyara ya ɗauka bayan an mai da takardun wurinsu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, lalacewar kwamfuta kuwa ba ta sauke wannan nauyi.

Ga masu gyara, musamman ɗaliban da za su ɗauki wannan sana'a, abin da kuka gani a cikin na'urar mutum sirrinsa ne. Ku buɗe abin da aiki ya tilasta, ku bar saura.

9. Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kwamfuta tana iya tashi daga waje, cewa hoton faifai kwafi ne na gida-gida, cewa kuma wannan akwati yana gabatar da hoton a matsayin faifai na gaske tun kafin wata manhaja ta farka, ba tare da cuta ta sami hanyar shiga cikinsa ba. Mun ga kuma cewa amfaninsa ya dogara ga bin tsari: tambaya, gwaji, kwafi, gyara, sa'an nan sharewa in ta zama dole.

Wanda ba zai taɓa riƙe wannan akwati ba, ga abin da zai tafi da shi gida. Ranar da kwamfutarka ta ƙi tashi, aka ce maka sai an share ta, ka tambayi mai gyara ko ya tashe ta daga waje ya kwashe takardunka. In ya ce ba shi da abin yin haka, ɗauki kayanka ka nemi wani. Kafin wannan rana ta zo kuwa, ka ajiye kwafin aikinka a wuri biyu, domin rigakafi ya fi magani.